Likitan Dabbobin da Ya Koma ga Tatsuniyar Gidansu

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san muryar Beautiful Nubia, ko da bai riƙe sunan ba. Ana jin ta a rediyon maƙwabta da sassafe, ana jin ta a motar haya daga Mokola zuwa Ojoo. Ainihin sunansa Segun Akinlolu, kuma a nan Badun aka haife shi a 1968, wato sa'an da yawa daga cikinmu ne.

Wani zai ce, to me ya haɗa mai jan salla da zancen mawaƙi? Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun kafin a haife mu, kuma ba fatawa muka zo bayarwa ba. Abin da mutumin ya yi da gadon gidansu ne ya tsaya mana a rai.

Jami'ar Ibadan ya yi, ya fito likitan dabbobi a 1992. Mu da muka tashi a gidajen fataucin shanu da goro mun san nauyin wannan takarda, domin sai likita ya duba saniya ake yarda da namanta. Ya yi aikin shekaru, sannan ya ajiye ya rungumi jita. Da ɗan Sabo ne ya yi haka, da an tara masa dattawa.

Jitar ta Turawa ce, ƙahonin da ake busa masa ma haka, kuma rabin waƙoƙinsa da Turanci yake yin su. Amma in ka saurara da kyau, abin da ke ƙarƙashi na tsofaffin Yarbawa ne: karin magana, waƙoƙin wasan yara, da tatsuniyar da suke kira alo, wadda mai bayarwa ke rera baiti yara na amshi. Su kunkuru ne gwanin wayonsu, Ijapa da matarsa Yannibo, kamar yadda muke da Gizo da Ƙoƙi. Shi ya sa za ka ga dattijo mai furfura da ɗalibin jami'a suna amsa waƙa ɗaya, kowa ya san ta daga gida. Mutanen garin nan dama sun iya wannan dabara. Fuji da ya cika ko'ina, ai daga waƙar tashin sahur ya samo asali.

A matsayinmu na 'yan kasuwa, yadda ya tafiyar da hajarsa ma abin lura ne. Bai jira babban kamfani ba. A 1997 ya kafa nasa, EniObanke, ya fitar da faifansa na farko, Seven Lifes. Kasuwa ba ta buɗe sosai ba sai a 2002 da Jangbalajugbu ya fito, shekara biyar ke nan ana haƙuri. Ya zauna Kanada na wani lokaci, amma masu saurarensa na nan gida, a Ikko da Badun da harabar jami'o'in ƙasar Yarbawa, kuma tun 2010 yake shirya bikin waƙa na shekara-shekara. Waƙoƙinsa da muka sani ba na kirarin masu kuɗi ba ne. Zancen tashi da wuri a nemi na kai ne, da riƙon amana, da halin shugabanni. Wasu baitocin, in aka cire kiɗan, ba su da nisa da abin da muke faɗa wa yara bayan Asuba.

To mu fa? Sabo tana nan tun 1916. Kakanninmu sun zo da tatsuniya, da waƙar niƙa da ta daka, da kacici-kacici. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma tatsuniya mu muka sake ta. Yaranmu na jin Yarbanci tas, suna jin Turancin kasuwa, kuma muna alfahari da haka domin shi ne zaman lafiyarmu da cinikinmu. Sai dai ka ce wa yaro ɗan shekara goma "ga ta nan, ga ta nan ku", ka ga ko zai san amsar. Da yawa sai dai su kalle ka. Hausar da suka rage da ita ta fim ce da ta waya, wadda ba ta san gamba ko rumbu ba.

Kuma ba tatsuniya kaɗai ba. Waƙoƙin wa'azi na ajami, irin na Nana Asma'u, da Imfiraji na Aliyu Namangi da makafi ke rerawa, a kansu iyayenmu mata suka koyi rabin addininsu, babu ganga babu kalangu, babu mai musun halaccinsu. A yau a Islamiyyunmu malami nawa ne zai iya kawo baiti goma da ka? Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, su dai an naɗi muryarsu, za a ci gaba da ji. Tsohuwar da ke lungunku ba wanda ya naɗi tata.

Ba muna cewa ɗanku ya ajiye karatu ya ɗauki jita ba. Akinlolu ma sai da ya gama karatunsa. Abin da muke roƙo ƙarami ne. Alhamis da Juma'a babu Islamiyya, kuma kusan kowane gida akwai waya mai naɗar murya. A zaunar da yara gaban Kaka ko Inna bayan Isha'i, a bar ta ta ba da abin da ta tuna, a naɗa. In ta manta tsakiyar labarin, a aika a kira ƙawarta ta gidan gaba, sau da yawa ita ke riƙe da sauran.