A Landan Na Ga Majinyaciya Tana Koyar da Nas-nas

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a South Kensington, na fito ban san gabas ba balle yamma. Sai da wani dattijo ya nuna mini titin Fulham kafin na kai Royal Marsden, asibitin da ba ya duba komai sai ciwon daji. Dokta William Marsden ya kafa shi a 1851, bayan cutar ta ɗauke matarsa a 1846. Na tsaya ina lissafi: ashe lokacin nan Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana zaune a garinmu Wurno!

Abin da ya fi ɗaure mini kai yana cikin wani ajin nas-nas a asibitin. Wata baiwar Allah ta shigo sanye da ɗankwali, na ɗauka ta ɓata hanyar ɗakin magani ne. Sai na ga ta zauna a gaba, nas-nas sun buɗe littattafai. An cire mata nono, gashinta ya zube saboda magani. Ta faɗa musu irin kalmar da ke karya zuciyar mutum ranar da aka gaya masa cutarsa, da yadda nas ɗin da ta ja kujera ta zauna kusa da ita ta fi mata wadda ta tsaya a kanta da takarda. Mijinta ya karɓa, ya yi bayanin daren da ciwo ke tashi a gida babu likita. Ba mai ko tari.

Na tambaya ko alfarma aka yi musu. Aka ce ƙa'ida ce. Hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasar, a ƙa'idojinta na 2018, ta wajabta sa marasa lafiya da masu jinyarsu cikin tsara karatu, har da zaɓen ɗalibai. Wallahi sun burge ni.

Mu kuwa wa ya kai mu masu jinya? Uwa ta taso daga Goronyo ko Rabah da tabarma da buta, ta yi wata da watanni a gefen gadon 'yarta a Sakkwato. Ta san kuɗin mota, ta san dalilin da ya sa ake fara zuwa wurin mai magani har ƙari ya fashe, ta san kunyar da ke hana mace nuna ƙirjinta. Wannan ilimi babu shi a littafi.

Shugabannin makarantun jinya na Sakkwato, don Allah ku gayyato irin waɗannan iyaye cikin aji, ku biya su kuɗin mota, ku bar su su yi magana da Hausarsu.