Wuƙaƙena a Makon Layya

Juma'a, 3 ga Zulhajji, Tambuwal

Ruwan daren jiya ya bar danshi a ɗaki. Bayan an sauko daga masallaci na jawo akwatin wuƙaƙena daga ƙarƙashin gado, rabona da shi tun kafin azumi. Tsatsa ta ci wasu. Wuƙar damtse ta Buzaye, mai ƙota kamar gicciye, wadda na saya a hannun wani mutumin Agadas, da ƙyar ta fito daga kubenta.

Na yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya, raina bai motsa ba. A da, in na ji labarin tsohuwar wuƙa a Jabo ko Dogon Daji, ba na samun barci sai na je na gan ta. Yau ga su jibge a gabana, ko sha'awar gogewa ban ji ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin na zuba shekaru da kuɗi da zuciya a cikin abin nan.

Asabar, 4 ga Zulhajji

Na tilasta wa kaina gyara. Samfefa mai laushi, tsumma, da man keken ɗinki. Man gyaɗa ba ya yi, yana daskarewa ya yi ɗanko. Duk na zare su daga kube, domin fata tana riƙe danshi, a damina ita ke fara jawo tsatsa.

Autana yana gefe yana miƙo min tsumma. Ya ɗauki Okapi, 'yar naɗewar nan, ya ce, “Baba, wa ya ƙera wannan?” Na ba shi amsa tiryan-tiryan: a garin Solingen na Jamus aka fara yin ta a 1902, a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu, ga tambarin nan a jikin ƙarfen. Sai ya ɗauko wata baƙa mai ƙotar icce, wadda na saya a kasuwar garin nan. “Wannan fa?” Na yi shiru. Haka ya bi na gida ɗaya bayan ɗaya, ba wadda na san hannun da ya buga ta.

Tarihin wuƙar Jamus yana bakina, ta unguwarmu kuwa ko sunan maƙerinta babu.

Lahadi, 5 ga Zulhajji

Da hantsi na naɗe uku a ƙyalle na nufi maƙera. Ba lokacin hira ba ne a wurinsu: damina ta faɗi, manoma na jiran fartanya da garma, ga Sallah ta matso kowa na son wuƙar yanka. Yaro na kan zuga-zugi, samari biyu na musayar masaba a kan uwar maƙera. Dattijon da ke riƙe da awartaki ya nuna min kututture na zauna, sai da ya tsoma abin da ke hannunsa a ruwa sannan ya waiwayo.

“Malam, mi kaka biɗa?”

Na ce, “Baba, ilimi na zo nema,” na warware ƙyallen.

Ta farko ko minti ɗaya bai yi da ita ba. Rodi ne, in ji shi, ƙarfen gini, ko kwana aka yi ana wasa ta ba ta riƙe kaifi. Ta biyu ya ƙyasta da farce ya kai kunne: sifirin mota, ƙarfe mai kyau, amma wanda ya yi ta ya bar ta ta wuce wuta, shi ya sa bakin ke ɓantarewa. Ta uku, baƙar nan da yaro ya tambaye ni, ya daɗe yana shafa bayanta da babban yatsa. Ya nuna min wasu zane uku ƙanana kusa da ƙota, waɗanda na ɗauka gurzuwa ce.

“Wagga yuƙa aikin gidanmu ta. Ƙanen ubana yaƙ ƙera ta, shi ka yin wagga sheda.”

Jikina ya yi sanyi. Shekaru tana akwatina, gidan da ta fito kuwa tafiyar ƙafa ce daga ƙofata.

Daga nan hira ta buɗe. Ya ce kakanninsu tama suke haƙowa su narke, kafin tarkacen ƙarfen Turawa ya cika kasuwa a daina wannan wahala. Ya ce gawayin ƙirya ya fi kowane riƙe wuta, ga shi iccen yana ƙaranci, sai an yi nisa. Ya nuna min launin da yake jira ƙarfe ya yi kafin ya tsoma, wani ja mai duhu-duhu da ba a gane shi sosai sai a inuwar rumfa. Ya kuma yi ƙorafin wuƙaƙen waje masu ƙyalli da suka cika tebura, masu araha, da suka janye matan gida daga ta maƙera. Na yarda da shi rabi. Ta waje ba ta tsatsa, uwargida kuma tana da gaskiyarta. Amma wajen yanka da fiɗa, ban ga wadda ta kama ƙafar ta sifirin ba.

Kafin in tashi na ba da aikin wuƙar yanka guda, na roƙe shi ya sa mata shedar gidansu.

Litinin, 6 ga Zulhajji

Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri. Kowace wuƙa shafi guda: inda na same ta, irin ƙarfen, aikin da aka yi ta dominsa, wanda ya ƙera in an sani. Shafuka da yawa rabinsu fari ne, kuma wannan farin ne ya sa nake ɗokin gobe.

Da la'asar na kai wa baduku wuƙar Buzayen ya ɗinke bakin kubenta. Jar fatar akuya ya zaɓa, jimar bagaruwa, rinin karan dafi. Irin fatar ƙasar Sakkwato ke nan da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan Maroko.

Talata, 7 ga Zulhajji, Kebbe

Ban ɗauki wuƙa ko ɗaya ba. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, mai hankali ba ya hawa hanya da ƙunshin makami yana cewa sha'awa ce. Hotunansu na ɗauka a waya.

Wani abokin karatuna ya kai ni wurin mahauta. Akwai tsoho a cikinsu da wuƙar fiɗa wadda wasawa ta cinye har ta koma siririya kamar ganyen albasa. Ya ce tun yana saurayi take hannunsa, ƙota kawai yake sauyawa. Na tambaye shi ko zai sayar. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, in na saisam maka, da mi ni ka cin abinci?” Na ji daɗin wannan amsa fiye da in da ya karɓi kuɗina. Na ɗauki hotonta a tafin hannunsa, na rubuta abin da ya faɗa game da maƙerinta, wanda ya ce mutumin wajen Kuchi ne, ya daɗe da rasuwa.

Shafinta na farko ne a littafina da ba ni da wuƙarsa, kuma ya fi yawancin sauran cika.

Laraba, 8 ga Zulhajji, Tambuwal

Na karɓo aikina. Tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori, baki miƙaƙƙe, ga zane uku kusa da ƙota. Na biya abin da ya faɗa ban taya ba.

A hanya na yanke shawara. Na daina sayen duk abin da ya burge ni. Daga yau sai ƙirar Tambuwal da Kebbe da ƙauyukansu, sai kuma wadda zan iya bin sawunta. Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ya yi ribaɗi, ba zai rasa tsofaffin ƙarafa a ɗakunan mutane ba. In littafin ya yi kauri, ina da niyyar kai kwafinsa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Alhamis, ranar Arfa

Azumi. Da safe na wasa sabuwar a bayan gida, nesa da inda ragon yake ɗaure, kamar yadda malamai suka koyar. Na ware waɗanda na saya don yawa kawai, masu kaifi a cikinsu na aika wa maƙwabta su yi aikin gobe, ba sai sun dawo da su ba.

Asabar, 11 ga Zulhajji

Jiya ba a samu zama ba. Bayan Idi na yi yanka da sabuwar, ja ɗaya ta gama. Da yamma aka tsire raguna a jikin itace kewaye da wuta, yau da safe aka fara rabo. Na aika autana da cinya guda zuwa maƙera, ya dawo da saƙon cewa in zo bayan Sallah, akwai wata tsohuwar askar wanzamai da za a nuna min.

Mai karatu, in akwai tsohuwar wuƙa ko adda ko takobi a gidanku, dattawa suna nan an taru don Sallah. Ka ɗauko ta ka tambaye su wa ya ƙera, a wane gari, da wane ƙarfe, ka rubuta kafin a watse.