Littafin Sarki Wiliyam

Daren jiya na daɗe ina tunanin Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Littafin ƙidayarsa ne ya tsaya mini a rai. A 1086 ya baza wakilai gunduma-gunduma, ana rantsar da mutanen gari: gonar nan ta wa ce, garma nawa, bayi nawa? Ina hango wani manomi tsaye gaban baƙi masu magana da Faransanci, yana lissafa shanunsa, gabansa na faɗuwa. Wallahi tausayinsa nake ji. Amma da wannan rubutun sarauta ta san ƙasarta ciki da bai, hakimai suka rasa wurin ɓoye dukiya. Littafin yana nan ajiye a Landan har yau.