Zakaran da muka sayo da kazar da Goggo ta hana mu sayarwa

A gidanmu na Kafanchan, kaji ba su taɓa zama sana'a ba. Kajin gida ne, su yi kiwo a bayan ɗaki, su kwana a akurki, a yanka ɗaya idan an yi baƙo. Aibinsu ɗaya ne, sai kaza ta yi wata shida ba ta wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Buroila kuwa tana kai kilo biyu cikin mako bakwai, amma wanda ya taɓa sayen buhun abincinta ya san ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce.

Sai muka ce bari mu haɗa jini. Muka sayo zakaran Noiler, irin da ake ƙyanƙyasa a jihar Oyo, muka sake shi cikin kajinmu takwas, muka yanka zakarun gida don kada su yi masa shishigi. Kajin suka yi kwanci, bayan kwana 21 muka ga 'yan tsaki. Jama'a, ruwa biyun nan na farko sun ba mu mamaki. Da dusar masara da ɗan waken suya da abin da suka tsinta suka girma, ga faɗin ƙirji, ga iya guje wa shaho irin na uwayensu. A Disamba, tsakanin masu Kirsimeti da mutanen Kagoro masu shirin bikin Afan, ko kasuwa ba mu kai su ba.

Daɗin kuɗin nan ne ya ruɗe mu. Muka sayar da tsoffin kajin, muka bar ruwa biyun su hayayyafa a tsakaninsu. Guda ɗaya ce ta tsira, wata baƙa mai faɗa, domin Goggo ta ce tata ce, kuma ba ta sayarwa. Mun yi mata dariya a lokacin.

Zubi na biyu ya fito barkatai, wani ƙato, wani kamar kurciya. Ashe shi kansa Noiler haɗe-haɗe ne, ƙarfin da ake gani a haɗin farko kuma raguwa yake idan 'yan uwa suka riƙa barbarar juna. Abin da ya fi ƙona mana rai, yawancin matan sai su zuba ƙwai su ƙi kwanci. Ƙwai ya cika kwando, babu mai ƙyanƙyasa shi. Hunturu ya shigo da cutar Newcastle, mu kuwa ba mu yi rigakafi ba, ga shi cibiyar Vom da ke yin maganin tana nan kusa da Jos. Cikin mako biyu muka binne fiye da rabinsu.

Baƙar kazar Goggo ce ta sake tayar da akurkin. Muka nemo mata 'yan uwa daga ƙauye, muka ware su, ba ma taɓa su ko Sallah ko Kirsimeti. Yanzu duk shekara sabon zakara muke kawowa daga wani wuri, 'ya'yansa kuma maza da mata duk na nama ne, ba ma barin ko ɗaya ya zama iri. Rigakafi kuwa tun watan Oktoba muke yi, kafin iska ta juya. Goggo har yau ba ta ce mana komai ba, sai dai duk safiya ita ke fara watsa wa baƙar hatsi kafin sauran.