Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

A wata tsohuwar kwaleji da ke ƙasar Zazzau akwai wani dattijo wanda ya yi shekaru da dama yana kula da filin wasanni. Abokin aikinsa kuwa wani tsohon injin yanke ciyawa ne irin wanda ake hawa a tuƙa, mai kujerar ƙarfe, wanda tsatsa ta cinye sunan maƙeransa tun da daɗewa. Abin da aka sani kawai shi ne daga Ingila aka kawo shi, kuma ya girmi yawancin malaman makarantar.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan inji ya sha bamban da na zamani, masu wuƙa ɗaya da ke juyawa a kwance tana sarar ciyawa. Shi nasa wuƙaƙen a murɗe suke a jikin wata ganga mai mirginawa, suna bi ta kan wata wuƙa da ke kafe a ƙasa, watau suna aski ne kamar almakashi. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙago wannan dabara a shekarar 1830 a yankin Stroud na ƙasar Ingila, bayan ya lura da na'urar da ake aske gashin ulu da ita a masaƙa. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya soma ƙera ta, sa'an nan a 1902 ya fito da mai aiki da fetur. Saboda kyawun askinsa ne har yau ake amfani da irinsa a filayen kurket da na golf.

To, a wata damina, saura kwana goma a yi gasar wasannin gidajen ɗalibai, sai injin ya daina ribas. Gaba lafiya lau yake tafiya, amma da zarar dattijon ya ja liba baya, sai a ji wani kuka mai tsini da warin ƙonanniyar roba, inji kuwa yana nan inda yake. Wanda bai taɓa aikin ba zai ga abin ƙarami ne, alhali kuwa fili yana da lunguna: gindin raga, bakin shinge da gefen kwalbati. Duk inda ya shiga irin wuraren nan, dole ya sauko ya ja ƙarfen nan da ƙarfin ƙirjinsa, ga shi baya ya soma ciwo.

Labari ya kai ga jami'in kula da ayyuka, wanda da ma ya daɗe yana son ya rabu da injin. Ya ce in ba a gyara shi cikin mako guda ba, zai sa shi cikin kayan gwanjo, a raba wa ɗalibai langalanga su share filin. Dattijon ya fahimci abin da ba a faɗa ba, domin ranar da inji ya tafi, shi ma ba sauran abin da zai riƙe shi a wurin. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni makon.”

Akwai wani saurayi da ke taya shi aiki, wanda ya ɗan zauna a garejin makanikai. Shi nan take ya yanke hukunci, ya ɗauko sifana ya ce, “Baba, haƙoran giya ne suka karye. Mu sauke komai mu buɗe.” Dattijon ya ce, “Ɗana, ajiye sifanar tukuna. Injin nan yana tafiya gaba?” Ya ce yana tafiya. Ya ce, “To, ashe injin kansa lafiya yake, sarƙa lafiya, ƙafafu lafiya, tun da gaba da baya duk da su suke aiki. Ciwon yana wurin da ribas bai haɗa da kowa ba. Can za mu nema.”

Kafin su taɓa komai sai da ya zare wayar fulogi, ya raba gangar wuƙaƙe da injin, ya sa duwatsu a ƙafafu, domin wuƙaƙen nan ba su san yatsa daga ciyawa ba. Sa'an nan ya cire murfi ya nuna wa yaron yadda abin yake. Ribas ɗin wannan inji ba shi da haƙoran giya ko kaɗan. In an tura liba gaba, bel ne ke ɗamewa, gargaren injin ya ja gargaren ƙafafu su juya gefe guda. In an ja ta baya, bel ya saki, sai wani faifai mai bakin roba ya matso ya manne da gargaren ƙarfen. Abu biyu masu juyawa kuwa, in suka gogi juna kai tsaye, kowanne gefensa daban yake juyawa. Ribas ɗin ke nan gaba ɗaya.

Daga hannun matuƙi suka fara bi. Yaron ya ja liba, dattijon yana kallon sandar ƙarfen da ke kai saƙo ga faifan. Nan ya ga liba tana yin tafiya mai nisa kafin sandar ta motsa, saboda ramin da ƙusar haɗi ke ciki ya cinye, ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai. Ya aika aka samo alli daga aji, ya shafa a gargaren ƙarfen, aka ja liba, ya juya da hannu. Allin bai kama robar ba sai a gefe ɗaya, ɗan siriri. Da ya shafa robar kuma sai ya ji ta yi santsi kamar kwalba, yatsansa ya fito da baƙin mai. Ya bi sawun man har zuwa sil ɗin da ke bakin sandar injin, ya tarar ya tsage. Ashe cuta uku ce ta taru: faifan ba ya matsuwa sosai, mai ya jiƙa shi, zamewar da yake yi kuma ta ƙone fuskarsa.

Gyaran bai ci kuɗin kirki ba. Mai walda ya cike ramin aka sake huda shi daidai ƙusa. Aka ɗauki tsohon sil zuwa kasuwa, aka gwada aka samu daidai shi a wurin masu kayan janareta. Robar kuwa aka wanke ta da ruwan zafi da sabulu, aka goge ƙyallin da samfefa. Da aka zo ɗaure noti, yaron ya so ya matse shi har ƙarshe don ribas ya kama da ƙarfi. Dattijon ya riƙe hannunsa, ya ce lalle a bar ɗan tsakani sa'ad da liba take tsakiya, in ba haka ba injin zai riƙa silalewa baya shi kaɗai da an tayar da shi, wata rana ya taka wani. Ya kuma tabbatar bel yana saki sarai kafin faifan ya taɓa, don kada gaba da baya su ja juna.

Ranar ta biyar aka mayar da wayar fulogi. Dattijon ya hau, ya nufi gindin raga, ya tsaya, ya ja liba. Injin ya ɗan girgiza, sa'an nan ya ja da baya sannu a hankali ba kuka ba wari. Jami'in ya zo ya gani, bai ce komai ba, amma sunan injin bai fito cikin takardar gwanjo ba.

Dattijon dai bai ruɗi kansa ba, ya san robar da ta sha mai ba ta daɗewa. Saboda haka da aka gama gasa ya auna faifan da zare, ya ba yaron, ya ce ya kai wa masu yin takalman taya su yanko zobe biyu daga tayar babbar mota. Ya ce ɗaya za su gwada bana, ɗayan kuma yaron ya ajiye, domin shi zai sa shi da hannunsa.