Zuwa Ga Ƙanwata Mai Taɓa Bango



Ya karatu? Saƙonki ya iso, inda kika ce tun ranar da kika kalli The Matrix kike shafa bangon ɗakinki ki ji ko na gaske ne. Na yi dariya har Inna ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Fim ɗin na 1999 ne, amma zancen ya girme shi. Tun 1964 wani Ba'amurke, Daniel Galouye, ya rubuta Simulacron-3. Jaruminsa yana kula da wani gari da aka gina a cikin kwamfuta don auna ra'ayin jama'a, ashe shi ma nasa garin na kwamfuta ne, wasu na can sama suna gwaji da shi.

Na ga kin wanke Cypher na fim ɗin tas da zagi. Cin amana kam ya ci, ban musa ba. Amma ki sake duba wurin da yake yanka naman nan a gidan cin abinci. Ya san na ƙarya ne, shi da bakinsa ya faɗa, ya kuma tauna shi yana lumshe ido. Mutumin da ya shekara 9 yana shan wani farin abu mai kama da kunun da ya kwana, sai a yi masa uzuri kaɗan.

Ni kam su Neo, jarumin fim ɗin, ba su taɓa hana ni barci ba, domin duniyarsu tana da ƙofa. Neo ya haɗiye jar ƙwaya ya fita, jarumin Galouye ma ya tsira. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne gajeren labarin Harlan Ellison na 1967. Wata kwamfutar yaƙi mai suna AM ta ƙarar da 'yan Adam kaf, ta rage mutum biyar, ta riƙe su a cikinta shekara 109 tana gana musu azaba. Ta hana su tsufa, ta hana su mutuwa. Akwai inda suka yi doguwar tafiya da yunwa zuwa kogon ƙanƙara, don sun ji akwai abincin gwangwani. Suka isa, ga gwangwanaye jibge, babu abin buɗewa! Nan na ajiye littafin na fita shan iska.

A ƙarshe mutuwa ce ta zama gata. Huɗu suka samu, aka soke su da tsinin ƙanƙara kafin AM ta farga. Ted da ya rage, ta mayar da shi wani dunƙule mai yauƙi, ko bakin yin ihu ba ta bar masa ba.

Zan ba direba littafin ranar Juma'a. Don Allah kada ki karanta shi da dare, kuma ki bar bangon nan ya huta, jarrabawa ce a gabanki. Inna na gaishe ki.

Ni ne yayanki.