Daga Tudun Wada zuwa Birnin Zazzau, a kan sawun shari'ar bayi

Tafiyar ba ta da nisa. Na hau keke napep a Tudun Wada, unguwar da Turawa suka kafa a bayan ganuwa don baƙin da suka zo daga wasu ƙasashen Arewa, muka nufi Ƙofar Doka. Abin da ya fitar da ni shi ne in bi wuraren da aka yi shari'ar bayi bayan da Turawan Ingila suka shigo Zazzau a 1902.

A bakin ƙofa na sauka na ci gaba da ƙafa. Kafin zuwan Turawa, arzikin masarautar nan a rinji yake, wato ƙauyukan da bayi ke noma wa iyayen gijinsu. Dokar da Lugard, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya kafa a 1901 ta hana farautar bayi da sayar da su, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Amma mallakar bawa ba ta zama laifi ba. Wanda ke hannu yana nan a hannu, sai in ya fanshi kansa.

Da na isa wajen fada, kusa da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, wani dattijo ya ba ni wuri a kan tabarma. "Yaro, zauna," in ji shi, "ai maganar murgu ce ta kawo ka." Na ce, "Ita ce, Baba." Murgu kuɗi ne da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, daga abin da ya rage ya tara na fansa. Alƙali ke yanke kuɗin fansar, shi ke ba da takardar 'yanci. Turawa ba su so bayi su gudu ba, don gonaki za su mutu, haraji ya ragu, saboda haka bawan da ya tsere ba ya samun gona cikin sauƙi, ana kuma iya kama shi a ce zaman banza yake yi. Lamarin mata ya fi wuya: kuyanga ko ƙwarƙwarar da ta kai ƙara, sau da yawa akan mayar da maganar tamkar rikicin aure.

Dokar ta taɓa manya ma. Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903 bayan Sarki Kwasau, daga baya sun tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, zargin cinikin bayi na cikin abin da suka ɗora masa.

Ingilar nan ce ke mulkin New York a 1741, inda kotu ta sa aka ƙone baƙaƙen fata 13, aka rataye 17, bisa zargin shirya tawaye. A Zazzau ba a kai ga haka ba, amma kotu ta fi kula da asarar ubangida.

Na dawo Tudun Wada ta Kongo da yamma. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara 35 bayan dokar Lugard. Malaman tarihi na Zariya, ku koya wa yara wannan babi a aji.